Ƙorafi Kan Hana Iyalan Marigayi Lawal Direba Rabonsu a Rumbun Ciyayya

Zuwa ga:
Mai Girma Alhaji Abdulbaqi Yelwa,
Shugaban Kwamitin Amintattu,
Rumbun Ciyayya na Ma'aikata,
Challawa, Ƙaramar Hukumar Kumbotso.

Daga:
Uba Garba,
Ma'aikacin kamfanin fata, mazaunin Zawaciki.

Litinin, 24 ga Fabrairu, 2025.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: DOKAR "MAI RABO YA ZO DA ƘAFARSA" DA HALIN DA TA JEFA MALAMA HALIMA, MAI TAKABA

Bayan sallama da fatan alheri, ina neman izininku in gabatar da koke a madadin maƙwabciyata Malama Halima, matar aminina marigayi Lawal Direba, Allah ya jiƙansa. Ni ba ma'abocin rubuta takarda ba ne, abin ne ya fi ƙarfin shiru.

1. Kun fi ni sanin yadda rumbun nan yake cika. Kamfanonin Sharada suna ba mu karyayyar taliya, na Bompai suna ba mu gari da shinkafar da buhunansu suka fashe, mu ma'aikata kuma kowa ya kawo kwanonsa na hatsi in wata ya ƙare. Amma kyauta ba ta da ƙafa. Shekara shida Lawal ne ƙafarta. In ya tashi daga aiki sai ya bi ƙofar kamfanonin nan da a-kori-kurarsa, ya loda, ya sauke a kafaɗarsa. Buhun da ya yage kuma ya zauna ya ɗinke shi da basilla da jan zare, har muna tsokanarsa da telan buhu.

2. Lawal ya rasu a hatsarin mota a hanyar Dakata ranar Alhamis, 9 ga Janairu, 2025. Ya bar mace ɗaya da 'ya'ya huɗu, ƙaramarsu tana goye. Dangin Halima suna can wajen Maraɗi. Kwamiti ya yi halacci, ya amince a riƙa ba ta rabo, kuma muna godiya.

3. Ranar Asabar, 25 ga Janairu, na je karɓo mata. Sakataren rumbu, Malam Sagir, ya sanar da ni cewa tun da aka kama masu karɓa sau biyu, doka ta ce sai mai rabo ya zo da kansa ya dangwala yatsa. Na shaida masa matar tana takaba. Ya ce ya sani, har da shi aka yi jana'iza, amma in ya buɗe wa ɗaya ƙofa sai ya buɗe wa ɗari. Ban zarge shi da mugunta ba. Sai dai, ranka ya daɗe, buhun shinkafar da ake awo daga cikinsa a gabana, ɗinkin jan zare ne a bakinsa. Lodin Lawal ne na ƙarshe. Na tsaya ina kallo har aka kakkaɓe shi, na fito da buhuna a ninke, na rasa ta inda zan bi in koma gida.

4. Na san malamai sun ce larura tana halatta wa mai takaba fita, na kuma sa maiɗakina Safiya ta faɗa mata. Kuka kawai ta yi. Ta ce a garinsu ba a yi, kuma zaman nan shi kaɗai ya rage da za ta iya yi wa Lawal. Wa zai iya yi mata gardama?

5. Ranar Asabar, 22 ga Fabrairu, na sake komawa, aka sake maido ni. Mu maƙwabta muna raba ɗan abin da muke da shi, amma gidajen leburorin kamfani ne, tukunyarmu ba ta isar gida biyu. Safiya ta tabbatar mini ruwan nonon Halima ya soma ja baya, saboda duk abin da aka miƙa mata yara take tura wa. Ga azumi saura kwanaki, takabarta kuma sai cikin watan Mayu.

Don haka ina roƙo, cikin ladabi:

Na ɗaya, a kai wa Malama Halima rabonta na wata biyu har gida kafin a ga wata.

Na biyu, a wakilta mata biyu amintattu su riƙa kai wa masu takaba nasu. In yatsa ake so, ana iya dangwala shi a tsakar gida. Dokar da aka kafa don ɓarawo bai kamata ta kama marayu ba.

A ƙarshe, za ku ga ɗan ƙunshi haɗe da wannan takarda. Da na koma gida shekaranjiya hannu wofi, Halima ba ta tambayi abinci ba. Sai ta aiko Safiya da basillar Lawal da ragowar jan zarensa, ta ce a kai rumbu, don ta san buhuna suna nan suna yagewa, kada hatsin mutane ya zube a ƙasa. Na kasa miƙa wa Malam Sagir. Ga su nan na miƙa muku.

Allah ya ƙara muku lafiya da adalci, ya sa ku gama da duniya lafiya.

Naku mai biyayya,

(sa hannu)
Uba Garba
Zawaciki, Kumbotso.