Haƙorin da Na Tono a Bakin Ubangi

Litinin, 6 ga Fabrairu 2023

Masu mujallar sun dawo mini da maƙalata. Karo na uku. Mai bitar ya ce ya yarda haƙorin gaiwa ne, amma ban kawo hujjar cewa tsoho ne ba. Shekara huɗu ina aiki a kan wannan haƙori tun ranar da na tono shi a yashin bakin kogin Ubangi. Baƙi ƙirin, ga nauyi, ya kusa ninka na gaiwar yanzu. Wace hujja kuma? Wannan kifi ya ɓace daga duniya tun kafin mutane. Ni na sani.

Alhamis, 9 ga Fabrairu

Na roƙi direktan gidan tarihinmu ya sa hannu a aika ɗan ɓarbashi waje a auna shekarunsa. Ya ce, "Madam Jamila, da wane kuɗin?" Ya kuma tuna mini cewa in babu abin nunawa zuwa ƙarshen shekara, ɗakin dabbobi zai koma ma'ajiyar kujeru. Kwalabe ɗari uku na kifaye da macizai, ni kaɗai ke kula da su.

Juma'a, 10 ga Fabrairu

Babu wuta tun safe. Madubin ƙara girma na zaune, ni ma ina zaune.

Lahadi, 19 ga Fabrairu

Laifina ne da na kawo haƙorin gida don in zana shi da hasken rana. Gwaggo Hureira, yayar Baba, ta shigo daga rumfarta ta kyafaffen kifi, ko hannu ba ta wanke ba ta ɗauka. Na ce ta yi a hankali, ya fi birninmu Bangui tsufa. Ta jujjuya, ta kankara da farce.

"A ina kika samo?"

Na faɗa mata wurin, ƙasa da inda jiragen yashi ke tsayawa.

Ta yi dariya. "Ai nan ne makyafar masunta da muna yara. Wannan baƙin hayaƙi ne da mai, 'yar nan. Gaiwar lokacin sai maza biyu ke ɗagawa."

Na ce Gwaggo, wannan kimiyya ce. Ta ce to, ta ajiye, ta tambayi ko an ɗora shinkafa.

Matar da ko sunanta ba ta iya rubutawa. Allah Ya yafe mini, haka na faɗa a raina.

Talata, 21 ga Fabrairu

Ban gaya wa kowa ba cewa sunan Baba na yi niyyar sa wa kifin. Zayyad. Shi ya tsaya mini na yi karatun dabbobi lokacin da duk unguwar Kilomita Biyar ke cewa ɗiyarsa ta tafi jami'a koyon tsintar mushe. Bai ga ƙarshen karatun ba.

Asabar, 25 ga Fabrairu

Na hau moto, babur ɗin haya, zuwa Titin Koudoukou da niyyar sayen takarda. Sai ga ni a rumfar Gwaggo. Na ce ta sayar mini da kan gaiwa mafi girma. Ba ta tambaye ni dalili ba, kuma ta ƙi karɓar kuɗi. Na dafa shi a bayan gida har naman ya zube. Maƙwabta sun yi ƙorafin ƙarni.

Litinin, 27 ga Fabrairu

An kawo wuta awa biyu. Na jera haƙorin da na tono da wanda na ciro daga kan gaiwar a ƙarƙashin madubi. Tudu uku a nan, tudu uku a can. Na goga gefen nawa da auduga da sinadari, abin da ban taɓa yarda in yi ba don kada ya lalace. Audugar ta yi baƙi. Ƙarƙashin kuwa rawaya ne.

Na kulle ɗaki na zauna har la'asar.

Alhamis, 2 ga Maris

Na cire tsohuwar takardar da ke jikin akwatin haƙorin. A sabuwar na rubuta: gaiwa, daga tsohuwar makyafa, mai yiwuwa shekara sittin. Direkta bai sani ba tukuna. Gobe, ko jibi.

Asabar, 4 ga Maris

Na je in ce wa Gwaggo ta yi gaskiya, bakina ya ƙi. Sai na ce, gaiwar nan ta da, yaushe ta daina zuwa kasuwa? Ta ce in jawo kujera. Ta lissafa mini kifaye tara da ba ta ƙara gani ba tun tana amarya, wasu da Hausa, wasu da yaren Sango. Biyu ban san su a kowane littafi ba. Ta ce akwai wani tsohon masunci, Malam Abdulganiyu, ya fi ta sani, amma ba ya ji sosai, sai da safe ake samunsa.

Na cika shafi shida. Ba aiki ba ne, taya ta zama kawai na yi. Na ce mata ta kai ni wurinsa Laraba ƙarfe bakwai.