Taswirar Direba na Bakwai

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna da iyalinka.

Yaya, aikinmu na ƙarshe ya zo. Malaminmu na fannin sufuri ya ce kowa ya zaɓi wurin da cunkoso ya addaba, ni kuwa na zaɓi ƙarƙashin gada, inda kuke lodi. Mako guda na yi ina ƙirga motoci, rana ta gasa ni, amma na kasa gane inda motocinku ke ɓacewa idan jami'an hanya suka fito. Don Allah ka zana mini. Karatu ne kawai, daga ni sai malam sai kabad ɗin laburare.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka, Auta.

*

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya lau.

Na yi dariya har da hawaye. Shekara huɗu a jami'a, ashe ƙarshenta wurin direba za a dawo! Dama wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Ga taswirar. Akwai lungu bayan masu katako, faɗinsa mota ɗaya, sai an naɗe madubi. Ka wuce rijiya, ka karya hagu, sai ga ka a babban titi. Na sa kibiya ko'ina don kada ɗan boko ya ɓata. Mu 'yan layin kaɗai muka san shi, ko matanmu ba ma faɗa wa, don haka ka riƙe bakinka.

Kuma ka dubi kyan rubutun nan. Ba a banza aka ba ni alli ba. Shekara goma sha biyu ni nake rubuta allon layi kowace safiya, wane ya yi lodi, wane ya bi bayansa.

Inna ta ce ka riƙa cin abinci. Allah ya ba da sa'a.
Yayanka.

*

Auta,

Ina gaishe ka, don Inna ta koya mana gaisuwa.

Ranar Litinin muka tarar an toshe lungun da kankare gaba da baya. Motoci uku suka maƙale, aka ja su. A jikin ginshiƙin gada kuma an manna sanarwar hana lodi, babba kamar ƙofa, ga taswirata a tsakiya. Kibiyoyina ne, rijiyata ce, har inda biro ya yi mini ɗigo.

Mutanen da suke karanta rubutuna kullum, su ne ba za su gane shi ba? Shugaban layi ya nufo ni. Ya karɓi allin daga hannuna, ya jiƙa yatsa da yawu, ya goge sunana a gaban kowa. An mayar da 'yan layin sabon fili, an ce ban da ni. Motata tana ƙofar gida, kaji na kwana a ƙarƙashinta.

Kunya ta hana ni fita. Abu ɗaya nake roƙo: ka zo ka tsaya gabansu, ka ce ban sayar da su ba, ƙanina ne kawai na amince wa. Minti biyar ya isa.

Ina jiranka.
Yayanka.

*

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, na ji abin da ya faru, kuma ban ji daɗi ba.

Malam ne ya kai wa hukumar birni aikin, ba ni ba, ko da yake ya tambaye ni tukuna. Amma mu faɗi gaskiya, Yaya, dama ba bisa ƙa'ida kuke ba. Yanzu kowane fasinja yana samun ragin minti goma sha takwas a hanya. Kuma na kare ka: ban sa sunanka ko'ina ba, Direba na Bakwai na rubuta.

Zuwa wurinsu ba zai yiwu ba. Hukumar ta ce za ta ɗauke ni aiki, in aka gan ni ina ba direbobi haƙuri, magana ta lalace. Za su manta, ai ka san halinsu.

Ga katin bikin yaye mu, aikina ne ya zo na ɗaya. Ka kawo Inna, amma ku hau sabuwar bas ta hukuma. Kada ka zo da taka, tana hayaƙi, kuma manya za su halarta.

Na gode da komai.
Auta.

*

Auta,

Gaisuwa, da barka da zuwa na ɗaya.

Na karanta wa Inna wasiƙarka kaf, ban tsallake ko maganar hayaƙi ba. Ta ce a cikin hayaƙin nan ake kai ka makaranta tun kana goya jaka. Ba za ta zo ba. Katin yana ƙarƙashin ƙafar teburi, ya daina girgiza.

Kada rubutun nan ya ba ka mamaki. Ni na faɗa, matata ta rubuta. Rubutuna ba zai sake shiga hannunka ba.

Ka huta lafiya.
Direba na Bakwai.