Wanda Ya Kashe Dokar Hayaƙi Yana Kwance a Hannuna

Anti, ki taimake ni tun kafin hannuna ya aikata abin da zuciyata ke raya mini.

Ni ma'aikaciyar jinya ce. A bayan unguwarmu akwai kamfanin narkar da tsofaffin batura, hayaƙinsa ko wanki ka shanya sai ya yi baƙi. Mu iyaye muka yi ta sintiri a majalisa har aka kawo ƙudurin da zai tilasta musu sa matatar hayaƙi. Sai kamfanin ya ɗauko wani lauya mai zaƙin baki ya shiga yi masa kamun ƙafa. Yau liyafa a otal, gobe a kwashi 'yan kwamiti zuwa ƙasar waje, wai ƙaro ilimi. Ranar jin ra'ayin jama'a a baranda aka bar mu tsaye, shi kuwa yana ciki yana cewa hayaƙin murhunmu ne ke sa yaranmu tari. Ƙuduri ya bi ruwa. Shekara ba ta zagayo ba autata mai ciwon asma ta cika a kan cinyata, tana neman numfashi.

To Anti, yanzu ga lauyan nan an kwantar da shi a asibitin unguwarmu, a ɗakin da nake aiki, ƙirji ya riƙe. Bai gane ni ba, har 'yata yake ce mini. Jiya ya roƙe ni in rufe masa taga, wai hayaƙin kamfani na shaƙe shi. Shi! Na yi kunnen uwar shegu na fita, kuma wallahi daɗi na ji. Ni nake saita masa iskar numfashi. Duk sanda na taɓa tukunyar iskar sai in ji ana ce mini rage kaɗan, ya ɗanɗana. Ban yafe ba, kada ma ki ce in yafe.

Taki,
Uwar marigayiya

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan autarki, ya ba ki dangana. Ba zan ce ki yafe ba, haƙƙinki ne, kuma fushinki yana kan hanya.

Amma gobe da safe ki sami shugabarku, ki faɗa mata gaskiya, a canza miki ɗaki. Kada ki ce za ki iya daurewa, tagar nan ta nuna kin fara zamewa. Marar lafiya amana ne ko da maƙiyi ne. Idan kika taɓa iskar nan, ke za ki ƙare a kurkuku, sauran 'ya'yanki su rasa uwa, kamfani kuma ya ɗauki sabon lauya kafin a share makoki.

Kamfani yana da damar kai kukansa majalisa, akwai masu cin abinci a cikinsa. Laifin shi ne sayen kunnen 'yan kwamiti da toshe muku baki. A nan za ki rama. Ki sake tara iyayen nan, ku nemi likitoci da 'yan jarida, ku sami ɗan majalisar da zai tado ƙudurin. Kamun ƙafa ba gadon masu kuɗi ba ne, ku ma kuna da ƙuri'a.

Lauyan kuwa, ki bar shi ya warke sarai. Ina so ya kasance da rai da lafiya ranar da za ki tsaya a gaban kwamiti ki ambaci sunan 'yarki, ya ji da kunnensa.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ba ki nasara.