Hoton Gwaggo Delu

Tudun Wada, daren Laraba, watan Sha'aban

Yau na wanke hoton Gwaggo Delu, kwana uku da binne ta. Bai fito ba. Idonta a runtse, fuskar ta dushe saboda rawar jiki.

Ranar da na je ɗaukar hoton, tana kwance a ɗaki. Ta ce, "Garba, ɗauke ni a nan mana, ƙafar ta ƙi." Ƙaramar kyamarata tana cikin jaka, mai ɗan gilashin nan na araha da hasken bakin ƙofa ma ya ishe shi ya fito da fuska tas. Amma mutanen gida sun taru kallo, ni kuwa ina so su ga babbar mai ƙafa uku, su tuna na yi makarantar Midil kafin hukumar En'e ta sallame ni daga aiki. Na sa aka cicciɓo ta tsakar gida, cikin rana. Har tana yi mini sannu da aiki.

Ɗanta Sule na aikin reluwe a Ikko, ya daɗe bai gan ta ba. Shi ya roƙa a ɗaukar masa hotonta. Gobe zan rubuta masa ta'aziyya, kuma na san abin da zai fara lalubawa a cikin ambulan.