Ummu Hani Za Ta Yi Gudunta

Gwangwan, Litinin.

Ɗana Yusha'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yau kwana huɗu da faɗuwata a bakin rijiya. Ƙugu yana ciwo, a zaune nake sallah, amma ina cin abinci. Takarda na rubuto don a waya ba na jin komai sai ihunka.

Liti direba ya kawo saƙonka, wai a hana 'yarka Ummu Hani zuwa gudu bayan an tashi makaranta. Ban hana ta ba, kuma ba zan hana ba. Ka tuna yadda ka kawo mini ita bayan rasuwar mahaifiyarta. Ba ci, ba magana, a aji sai barci. Tun da ta shiga 'yan gudu take cinye tuwonta har ta nemi ƙari, da asuba ba sai an tashe ta ba, kuma ta bakwai ta zo a ajinsu. Jiya har tsiya ta yi mini, ta ce, "Mijin nan nawa ya lalace, canza shi zan yi." Yaushe rabonka da jin dariyarta?

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifinka, Ja'afar.

Karaye, Laraba.

Baba,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi.

Baba, don ta kula da kai na kai ta. Maƙwabciyarka Hajo ta ce awa biyu ka yi kwance a ƙasa, yarinya tana can filin makaranta. A kasuwa har tambayata ake ko na manta ina da uba. Ranar Asabar da za su yi gasa a Rogo ina nan tafe. Ko ta haƙura da gudun nan ta zauna tare da kai, ko in ɗauko ka ka dawo Karaye, a rufe gidan. Ka yafe mini.

Ɗanka, Yusha'u.

Gwangwan, Alhamis.

Yusha'u,

Amin wa alaikumus salam. Yau da sanda na taka har zaure.

Awa ɗaya ce, Hajo ta yi ƙari. Kuma santsi ne ya kada ni, ba gudun jikata ba. A zamaninmu daga aji sai fili, babu mai maƙalewa, ƙafafun da aka horar a can ne suka ɗauke ni shekara tamanin. Ba zan ɗaure yarinya 'yar sha huɗu a gindin gadona tana ƙirga tarina ba. Takardar izinin gasar ma na sa mata hannu. Gidan nan kuwa, makara ce za ta fitar da ni, ba motarka ba. Ka zo, ƙofa a buɗe take, amma ba za ka sami Ummu Hani a gida ba.

Mahaifinka.

Gwangwan, Asabar da yamma.

Yusha'u,

Salamu alaikum. Ƙugun da sauƙi.

Ta dawo bayan la'asar. Ta biyu ta zo, da gurzuwa a gwiwa, bakinta ya ƙi rufuwa. Ranar Litinin za ta koma fili.

Na sa Hajo ta dama fura ta mutum biyu, na zauna a zaure tun hantsi, na shirya faɗan da za mu yi. Duk motar da ta tsaya sai in ɗaga kai. Ba ka zo ba.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifinka, Ja'afar.