Shirun Ƙadangare Mai Laima

Litinin, 3 ga Satumba, 1990

Malam Gwadabe ya amince da batun bincikena na kwas ɗin malanta. Sai da ya zare tabarau ya ƙare mini kallo. "Malama Safara'u, katun? Na yara?" Na ce ai shi ma magana yake yi. Ya ce to, in lura da wanda ɗan katun ɗin yake yi wa magana, me ya faɗa, me yake nufi, me ya biyo baya. Ni dai sauƙi na bi. Talabijin tana ɗaki, kuma a kwatas ɗin ma'aikatan ruwa na Tiga ba a cika ɗauke wuta ba.

Alhamis, 6 ga Satumba

Bayan la'asar ake saka shi. Ƙadangare ne mai yawo da laima, kullum da abin da ya ɓace masa. Da Turanci yake magana, amma wallahi halinsa na mutanen Ƙofa ne, garinmu. Akuya ta tare masa hanya, bai ce mata matsa ba, cewa ya yi, "Kai, inuwar can ta fi sanyi." Ta kuwa matsa. Na rubuta: ba ya ba da umarni, kewayawa yake yi.

Yarinyar nan tamu ta zauna dab da gilashin, ko ƙifta ido ba ta yi.

Asabar, 8 ga Satumba

Direban motar Kiru ya kawo saƙon surukata, Inna. In an gama yankan gero za ta zo ta tafi da Balaraba. Wai yarinya ta haura shekara uku ba ta taɓa cewa uffan ba, in bebiya ce gara ta tashi a hannun kaka, a yi ta ba ta rubutu tana sha.

Maigidan ya ce, "To." Ni ma na ce, "To." Me zan ce? 'Yar fari ce. Mu biyun ko sunanta ba ma kamawa, balle in buɗe baki a gaban mutane in ce ina son abata. Sai a ce ba ni da kunya.

Amma a nan ba mai ganina. Tsoro nake ji. Tsoron kalmar nan, bebiya, da tsoron ɗakin nan in babu ita.

Talata, 11 ga Satumba

An ɗauke wuta. Ta zauna gaban akwatin har aka kira magariba.

Alhamis, 13 ga Satumba

Abin da na ɗauka matsalar gidan talabijin ce, ashe da gangan ne. Ƙadangaren yakan juyo ya dubi mai kallo, ya yi tambaya, sai ya yi tsit. Ba kiɗa, ba motsi, sai idanunsa kamar na mai jiran canji a kanti. Ran farko har tashi na yi na bubbuga akwatin.

Wani abu kuma. In zai yi wa ƙaramar dabba magana, sai ya rufe laimar, ya durƙusa, ya fara kiran sunanta. Da manya ne yake kewaye-kewaye. Da ƙanana kai tsaye yake tafiya, sannan ya jira. Wannan zai cika mini shafi uku, Malam Gwadabe ya sha karatu.

Laraba, 19 ga Satumba

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Ina tsintar shinkafa a bakin ƙofa, biro a kunne. Yau laimar ce da kanta ta ɓace, tana rataye a reshe a bayansa, shi kuma sakaran yana ta dube-dube. Ya juyo ya tambaya, ya yi shirun nan nasa. Sai na ji wata 'yar murya, a dushe kamar ta mai mura:

"Ga ta can!"

Na waiga ko 'ya'yan maƙwabta ne. Babu kowa. Ita ce, ta miƙe tsaye, yatsa a jikin gilashi, har da buga ƙafa don haushi. Faifan ya kife, kajin Asabe maƙwabciyata suka yi biki.

Ban taɓa ta ba. Uwar ɗaki na shige na yi sujada, na yi kukana. Da maigidan ya dawo na ce masa, ina kallon tukunya, "Yarinyar nan fa ta yi magana." Sai ya ce bari ya duba famfon waje, wai yana ɗiga. Famfon da aka gyara jiya.

Ba bebiya ba ce. Sai maimaitawa nake kamar wuridi.

Lahadi, 23 ga Satumba

Daga ranar shiru. In ba ƙadangare ba, ba ta kula kowa. Wa zai yarda da ni? Inna ta zo in ce mata ta jira la'asar a kunna akwati?

Na kai kukana wurin Asabe maƙwabciyata, wadda bakinta ba shi da linzami. Tana wanki ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ke Malama, tsakaninki da Allah, wa yake yi mata hira a gidan nan? Ke kunya, mijinki kunya. Bango za ta amsa wa?"

Na ji haushi, na taho. Haushin bai kai ni ƙofa ba.

A Ƙofa uwa ba ta yi wa ɗan fari magana, haka ne. Amma akwai kaka mai tsokana, akwai gwaggo, akwai matan gida masu goyo, yara cike da tsakar gida. Kafin uwa ta yi shiru, baki goma sun yi magana. Mu kuwa muka ɗauko kunyar muka taho da ita Tiga, muka baro mutanen a can. Ciki da falo, an kewaye da waya. Ina yi mata wanka, ina ba ta abinci, ina tofa mata addu'a in ta yi barci, duk a bebance. Ni da nake wuni ina ɓaɓatu a kan 'ya'yan wasu a aji biyu.

Talata, 25 ga Satumba

Na saka sakata, na saki labule, kamar mai shirin sata. Na durƙusa a gabanta. Na ce, "Ina ludayi?" alhali yana hannuna ta baya.

Jiran nan akwai wuya. Ƙadangare zane ne, ba shi da kunya. Ni kuwa gumi har gadon baya. Ta dube ni kamar kujera ce ta yi magana.

Alhamis, 27 ga Satumba

"Ga."

Shi ke nan abin da ta ce. Ya ishe ni.

Asabar, 6 ga Oktoba

Na miƙa babi na biyu. Malam Gwadabe ya ce sharhin da na yi a kan shirun ya fi komai, a ina na karanto? Na ce lura ce kawai.

Kalmominta sun ƙaru. Ruwa, kaza, a'a. Musamman a'a. "Malama" take ce mini, yadda ta ji 'ya'yan Asabe suna faɗa. Na kama maigidan a bayan gida a tsugune yana tambayarta ina kaza. Ya ce wai takalminsa yake gyarawa.

Juma'a, 19 ga Oktoba

Inna ta iso da hantsi, da ƙwaryar fura da sabon zanen goyo. Na durƙusa na gaishe ta, na koma gefe na sunkuyar da kai yadda ya kamata. Tana cikin lissafa malaman da za a kai wa, sai yarinyar ta ratso tsakiyarmu, ta dafa gwiwata.

"Malama, ruwa."

Na tashi na ba ta.

Inna ta daɗe tana juya ludayi a cikin fura. Can ta ce, ba da kowa ba, "Oh, zamani. Uwa tana amsa wa 'yar fari a gaban surukai." Sai kuma ta goge ido da bakin mayafi. "Ni bebiya aka ce in zo in ɗauka. Ban ga bebiya a gidan nan ba." Motar la'asar ta bi, ta bar mana zanen.

Maigidan ya ce wai har "Na'am, Balarabata" na ce, da ƙarfi, kowa ya ji. Ni dai ban ji ba.