Rigar Fatar Nan Ta Tsage, Yagana

Riyad, cikin sanyin Janairu

Zuwa ga Yagana, inuwar darbejiyata da tsakar rana, ruwan randa ga wanda ya sha tafiya, ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, abokiyar ƙuruciyata da tsufana. Amincin Allah ya sauka a kanki, ya zauna a ɗakinki, ya bi ki duk inda kika taka.

Na koma ga alƙalami ne domin waya ta gaza mana. Kunnena ya yi nauyi, ke kuma da zarar na ambaci jirgi sai ki shiga tambayata ko na sha magani. Takarda ba ta da wannan ƙofar gudu, kuma babu mai iya karanta rubutuna mai rawa sai ke.

Hasken idona, na ɓata miki aiki. Rigar fatar ragon nan tawa ta tuƙin jirgi, wadda kika cusa a akwatina ranar da ɗanmu Mudassir ya zo ɗaukata zuwa asibitin ƙasar nan, ta tsage a kafaɗa. Ranar Juma'a ya kai ni Dira in ga tsohuwar kasuwa, ruwa ya tsinke mana kafin mu kai ga mota. Da muka dawo gida na rataye ta jikin kujera dab da daffaya, wato abin ɗumama ɗaki, don ta bushe da wuri. Ta kuwa bushe. Kafin la'asar kafaɗar ta ƙandare kamar ganda, ina ɗagawa ta dare. Na zauna bakin gado riƙe da ita kamar an miƙo mini jariri marar lafiya.

Surukarki Aliya, Allah ya yi mata albarka, ta ce a kai magsala, shagon masu wankin turawa, su gwada, ko kuma a sayo mini farwa, alkyabbar gashin tumaki da Larabawa ke yafawa. Na yi mata godiya, na ce a bar ni da abata.

Da hantsi na ja kujera bakin taga, na sa tabarau, na juya rigar don in ga zurfin ɓarnar da na yi. A nan na ga abin da ya sa na kasa karin kumallo. Ɗinkin hammata ba zaren Turawa ba ne, naki ne. Haka na wuya, haka na gefen zif. Wani zaren baƙi, wani ruwan ƙasa, wani ya koɗe don daɗewa, alamar shekaru daban-daban. Kuma duk inda allurarki ta bi, tsohon ramin masu ɗinkin farko ta bi, ba ki huda fatar a sabon wuri ba ko sau ɗaya. A gwiwar hannu, ƙarƙashin gashi, na tarar da mahon fata siririya kamar ganyen albasa, an ɗora ta daga ciki yadda ido ba zai gani ba. Tsarki ya tabbata ga Allah! Yaushe kika yi wannan? Da wane ido, da wane haƙuri? Ina nake?

Na san inda nake. Ina sama. Na ga rana tana fitowa daga ƙarƙashin ƙafafuna. Na ga tafkin Chadi shimfiɗe kamar faranti na azurfa, na ga hadari ya tsaya kamar dutse ina kewaye shi, na ga hamada ba iyaka har zuciyata ta ƙanƙance. Na ɗauka na gama ganin abin mamaki a duniya. Ashe wanda ya fi su yana manne da haƙarƙarina fiye da shekara hamsin, ban taɓa juya shi na duba ba.

Kin tuna ranar da rigar ta fara shiga gidanku a Maiduguri? Na dawo daga koyon tuƙi a ƙasar ƙanƙara, ga bazara tana dafa gari, ni kuwa don a san matuƙin jirgi ya iso na zo zance cikinta, gumi na tsiyaya har takalmi. Kika leƙo daga bayan ƙyaure, kika ce wa ƙanwarki Rabi ta zo ta ga rago ya juya fatarsa ya zo neman aure. Dariyarki ta ranar tana kunnena har gobe, kunnen da yanzu ko kiran sallar masallacin unguwa da ƙyar yake kamawa. Kika sa aka karɓi rigar aka rataye a inuwa. Tun daga ranar ta zama taki, ni aro nake yi.

Yanzu da nake zaune ni kaɗai, jikokinmu sun tafi makaranta, Mudassir yana ofishin jakadanci, aikinki yana dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Yadda kike fito da ita bayan damina ki shanya a inuwa, ki hana rana ganinta. Yadda kike ƙin leda, kina cewa fata ma numfashi take yi, sai farin zanen auduga da busasshen ganyen darbejiya saboda asu. Yadda kike taje gashin da matajin katako a hankali kamar kan amarya. Ɗan kakin zuma da man kaɗe a kan yatsa, ki fara gwadawa a ɓoyayyen lungu kafin ki shafa a fili. Shekarun da muka yi a Ikko fumfuna ta ci takalmana da jakata, ita ko ɗigo. Sai turarenki na wuta, daga nesa, bayan garwashi ya lafa. Na bi shagunan turare a Dira ina shinshinawa kamar yaro, duk tsadar buhurinsu, wato turaren wutarsu, ban samu irin naki ba. Yana nan a wuyan rigar, ya rage kaɗan, ina tattalinsa.

Kuma sai yanzu na lura, duk ranar da na dawo na tarar kin taɓa ta, ranar da na yi tafiya mai nisa ce. Jiragen da na tuƙa daga baya ba su bukatar riga mai nauyi, tana gida tare da ke. Ina can cikin gajimare, ke kina ƙasa da allura kina ba hannunki aiki don kada tsoro ya cinye ki. Ya kurciyata, wane irin so ne wannan, da ya yi shiru tsawon rayuwa?

Na san tsoronki. Matar matuƙi, amma ba ki taɓa taka matakalar jirgi ba. Ko kujerar Makka da aka ba ki, Rabi kika miƙa wa. Ban taɓa matsa miki ba. Yau ma ba umarni nake ba, roƙo nake. Likitoci sun ce zuciyata ba za ta ƙara ɗaukar hawa sama ba. Ni da na raina nisa, yau nisa ya kama ni. Bizarki ta ziyara ta fito, tana jiran ki. Idan ba ki zo ba, Yagana, ban ga inda idona zai sake sauka a fuskarki ba a gidan duniya.

Ki ji daga bakin wanda ya sani. Ƙarar farko ce kawai mai firgitarwa. Daga nan ƙasa za ta sake ki a hankali, gidaje su koma kamar ƙwayar gero, sai shiru, sai haske, sai farin gajimare a ƙarƙashinki kamar audugar da aka shiɓe. Idan jirgi ya girgiza, gargada ce irin ta hanyar ƙauye. A wurin nan na fi jin girman Ubangiji, kuma na daɗe ina burin ki gani da idonki.

Na naɗe rigar a farin zane kamar yadda kike yi, na ba Nu'uman, abokin aikin Mudassir da zai zo gida hutu, shi zai miƙa miki ita da takardar nan, kuma ya yarda ku dawo tare. Ita kaɗai ke hana ƙashina rawa a garin nan, duk da haka na rabu da ita. Kada ki gyara ta a can. Ki yafa ta a jirgi, akwai sanyi ciki, ta san hanya ta fi kowa. Allura da almakashi ki sa su a babban akwati, in suna jakar hannu ƙwacewa za a yi. Ki zo ki ɗinke ta a nan bakin tagar nan, ina gefenki, in ga da idona yadda ake yi ko sau ɗaya.

In kuwa ƙafarki ta ƙi, ba zan riƙe ki da komai ba. Ki ajiye ta kusa da ke. Amma na riga na ce wa Mudassir ya tanadi keken guragu, domin ko ɗauka za a yi sai an kai ni filin jirgi, bakin ƙofar masu sauka.

Naki tun ina saurayi mai gumi a ƙofar gidanku, naki yau da sanda, naki har a tashe mu,

Jibirilla